Zafin Nama ko Dabara? Tambayoyi da Amsoshi kan Tsarin Faɗa a Wasannin RPG

Wasannin bidiyo na RPG su ne waɗanda mutum yake shiga rigar wani jarumi, ya bi shi cikin dogon labari, yana ƙara masa ƙarfi da makamai da ƙwarewa mataki bayan mataki. Masu buga su sukan yi saɓani kan labari ko zane, amma babu abin da ya fi raba kawunansu kamar yadda ake gwabza faɗa a cikin wasan. Ga wasu daga cikin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da faɗan zafin nama, kuma me ake nufi da faɗan dabara?

A faɗan zafin nama lokaci ba ya tsayawa. Mai wasa ya danna maɓalli, jarumi ya kai sara nan take. Idan abokin gaba ya kawo hari, sai mai wasa ya goce ko ya tare a daidai wannan lokacin, in kuwa ya makara, sara ya same shi. Dark Souls da The Witcher 3 da Elden Ring duk a nan suke.

A faɗan dabara kuwa, mai wasa umarni yake bayarwa. Galibi ana yin sa ne bi da bi: kowane mayaƙi yana da lokacinsa na motsi, kuma idan layi ya zo kan mai wasa, yana iya zama ya yi nazari iya son ransa kafin ya zaɓi wanda zai kai wa hari, da wurin da zai tsaya, da sihirin da zai kashe ko ya adana. Wasu wasannin, irin su Dragon Quest da Pokémon, zaɓi ne kawai daga jerin umarni. Wasu kuma, irin su Fire Emblem da Final Fantasy Tactics, suna shimfiɗa filin daga gida-gida, ta yadda tudu da kwari da tazara suke zama wani ɓangare na lissafin.

Gaskiya ne cewa rashin ƙarfin na'urorin da ne ya haifar da faɗan bi da bi?

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Tushen abin yana kan tebur ne, kafin kwamfuta ta shigo ciki. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan da ake yi da takarda da fensir da dayis, wanda shi ma ya tsiro daga wasannin yaƙi na ƙananan gumakan sojoji. Mutanen da suka kewaye tebur ba za su iya yin magana lokaci guda ba, don haka dole a bi layi, kuma dayis ne yake yanke hukuncin ko sara ya samu ko ya kuskure. Ultima da Wizardry, waɗanda suka fito a 1981, wannan tsari suka ɗauko suka ɗora wa kwamfuta aikin lissafin. Daga gare su Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987 suka koya a Japan.

Hujjar da ke nuna cewa zaɓi ne aka yi da gangan ita ce, a wannan zamanin an riga an sami wasanni masu faɗan kai tsaye. Dragon Slayer da Hydlide sun fito a Japan a 1984, Ys kuma a 1987. Na'urorin suna iya ɗaukar duka biyun; masu ƙirƙira ne suka bambanta a abin da suke so mai wasa ya ji.

To mene ne ainihin abin da ya raba su, in ba sauri ba?

A ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ƙwarewar wa ake gwadawa, ta jarumin ko ta mai riƙe da na'urar? A faɗan dabara, idan aka ce maharbiya gwana ce, lambobin ƙwarewar da wasa ya rubuta mata ne suke harbi, ko da mai wasan hannunsa yana rawa. Aikinsa shi ne ya san inda zai tsayar da ita da wanda za ta auna. A faɗan zafin nama kuwa, komai ƙarfin da aka rubuta wa jarumi, idan yatsun mai wasa ba su iya ba, jarumin ma bai iya ba. Akasin haka ma yana faruwa, domin akwai gwanayen da suke gama Dark Souls ba tare da sun ƙara wa jaruminsu ko mataki ɗaya ba, abin da ke nuna cewa ƙarfin ya tashi daga kan jarumin ya koma hannun mutum.

Matsala takan taso ne idan wasa ya nuna wa mutum abu ɗaya alhali wani abu yake yi a ɓoye. Morrowind na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a 2002, shi ne misalin da aka fi kawowa. Mai wasa yana kallon duniyar ta idon jaruminsa, ya matso daf da ɓera ko wani ƙwaro, ya kai sara, ya ga takobin ya ratsa jikin dabbar ƙarara, amma sai ya ji ƙarar iska kawai, babu rauni. Dalili shi ne a bayan fage wasan ya jefa dayis bisa ga ƙwarewar jarumin da gajiyarsa, sakamakon ya ce an kuskure. Ido ya ce an samu, lissafi ya ce ba a samu ba. Mutane da yawa sun ajiye wasan a sa'o'in farko saboda wannan, duk da kyawun duniyarsa. A Oblivion na 2006 kamfanin ya sauya tsarin: duk saran da ya taɓa jiki ya samu, ƙwarewar jarumi kuma ta koma tantance yawan ɓarnar da saran zai yi. Na ɗauki wannan gyara a matsayin daidai, domin idan wasa ya miƙa wa mutum takobi a hannunsa, ya kamata ya amince da abin da hannun ya aikata.

Ashe faɗan zafin nama ba danne-dannen maɓalli ba ne kawai, babu tunani?

Akwai wasannin da suka cancanci wannan suka, amma nagartattun cikinsu ba haka suke ba. A ɗauki Dark Souls na kamfanin FromSoftware, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranta ya fito a 2011. A ƙarƙashin ma'aunin da ke nuna sauran ran jarumi a allo akwai wani koren ma'auni na ƙarfin jiki, kuma kowane sara, kowace mirginawa, kowace tarewa da garkuwa tana cin wani abu daga cikinsa. Mai wasa yana fuskantar ƙaton jarumi mai sulke, ya sami damar sara biyu, zuciyarsa ta raya masa ya ƙara na uku. Idan ya ƙara, ma'aunin ya ƙare, ba shi da abin da zai goce da shi, kuma saran da ya riga ya fara ba ya janyuwa. Hatta shan maganin warkewa yana ɗaukar ɗan lokaci wanda jarumi yake a fili babu kariya. Wannan duk lissafi ne na abin da za a kashe da abin da za a rage, sai dai ana yin sa ne cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Haɗama ce take kashe mutum a wannan wasa fiye da nawar hannu.

Abin da faɗan zafin nama ya kasa yi da kyau shi ne sarrafa runduna. Mutum ɗaya ba zai iya riƙe jarumai huɗu da hannunsa a lokaci guda ba, don haka abokan tafiya sukan koma hannun kwamfuta, su zama 'yan rakiya. Duk wanda ya bi jerin Dragon Age daga Origins na 2009, inda ake tsara kowane motsi na mutum huɗu, zuwa The Veilguard na 2024, inda ba a iya shiga jikin abokan tafiya, ya ga abin da ake sadaukarwa.

Dogaro da dayis a faɗan dabara ba zalunci ba ne ga wanda ya yi shiri mai kyau?

Ana jin zafinsa, babu shakka, musamman idan allo ya nuna cewa damar samu kashi 95 ce cikin 100 sannan aka kuskure. Amma lissafi yana bayan wasan. Wanda ya kai irin wannan hari sau 20, yiwuwar ya kuskure aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 64 cikin 100. Zuciyar ɗan Adam ce take ɗaukar 95 tamkar tabbas, ta manta da sha tara da suka samu, ta riƙe ɗayan da ya kuɓuce.

Masu ƙirƙira sun san da wannan, har wasu sukan karkata lissafin don a zauna lafiya. Tun daga 2002, wasanni da dama a jerin Fire Emblem suna jefa lamba biyu su ɗauki tsakiyarsu maimakon lamba ɗaya, ta yadda harin da aka rubuta masa 80 a zahiri yana samu kusan sau 92 cikin 100, wanda aka rubuta masa 20 kuma kusan sau 8 kacal. A jerin da jarumin da ya faɗi yake iya tafiya har abada, wannan sassauci yana da ma'ana. Duk da haka ina ganin sa'a tana da amfaninta, domin ita ce take tilasta wa mai wasa ya tanadi mafita ta biyu. Shirin da zai rushe saboda kibiya ɗaya ta kauce, tun farko bai ƙullu ba.

Akwai hanyar tsakiya?

Akwai su da yawa, kuma tarihin wannan fanni kusan tarihin neman ta ne. A Final Fantasy IV na 1991, Hiroyuki Ito ya kawo tsarin da kowane mayaƙi yake jiran lokacinsa ya cika gwargwadon saurinsa, maƙiya kuma ba sa jiran mai wasa ya gama tunani. Baldur's Gate na kamfanin BioWare, a 1998, ya bar faɗa yana gudana kai tsaye amma ya ba da damar dakatar da shi a kowane lokaci a raba umarni, yayin da a ƙarƙashi ake lissafin zagaye na daƙiƙa shida-shida. Fallout, wanda ya fara da bi da bi a 1997, ya koma harbin kai tsaye a Fallout 3 na 2008, amma ya ajiye wani tsari da ake tsayar da lokaci a zaɓi gaɓar jikin da za a harba. Final Fantasy VII Remake na 2020 ya sa mai wasa yana sara da hannunsa don ya cika ma'auni, sannan lokaci ya yi sanyi ya zaɓi sihiri ko babban hari.

Wasu kuma ta ɗaya ɓangaren suka biyo, suka zuba zafin nama a cikin bi da bi. Super Mario RPG na 1996 ya ba da lada ga wanda ya danna maɓalli a daidai lokacin da duka zai sauka, kuma Clair Obscur: Expedition 33, na kamfanin Sandfall Interactive na Faransa a 2025, ya kai abin matuƙa: mai wasa yana tsara harinsa a natse, amma idan layi ya koma kan maƙiyi dole ya goce ko ya tare harin da kansa. Tsarin yana da daɗi ƙwarai, sai dai ya kamata a faɗi cewa wanda ya zo bi da bi don ya huta da gwajin saurin hannu ba zai sami wannan hutu a nan ba.

Labarin Diablo ma ya dace a ambata. David Brevik ya fara tsara shi ne a matsayin wasan bi da bi, kamfanin Blizzard ya matsa a mayar da shi kai tsaye, shi kuma ya yarda ba da son ransa ba. Wasan da ya fito daga wannan sauyi shi ne ya kafa wani reshe guda na RPG.

Shin faɗan bi da bi ya tsufa, kamar yadda ake ta faɗa?

An daɗe ana yi masa jana'iza, kuma akwai dalilin hakan. Idan zane ya kai matsayin da mutane suke kama da na gaske, ganin jarumi ya tsaya ƙiƙam yana jiran a sare shi yakan yi bambaraƙwai, kuma manyan kamfanoni suna tsoron matasa ba za su yi haƙuri da shi ba. Final Fantasy XVI na 2023 ya rungumi zafin nama gaba ɗaya, har aka ɗauko Ryota Suzuki, wanda ya yi aiki a kan Devil May Cry 5, ya tsara faɗansa.

Amma a wannan shekarar ta 2023 ce Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam, mai faɗan bi da bi tsantsa, ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. Abin da ya ja hankalin jama'a a cikinsa shi ne yawan abin da za a iya yi a motsi ɗaya: a ture maƙiyi daga kan dutse, a zuba maiƙo a ƙasa a cinna masa wuta, a jefa kwalbar magani ta fashe kusa da abokin da ya faɗi. Kafin nan, a 2020, jerin Yakuza na kamfanin Sega ya yi tafiyar da ta saɓa wa kowa, ya bar faɗan kai tsaye da aka san shi da shi ya koma bi da bi a Yakuza: Like a Dragon, kuma ya ɗore a kan haka a wasan da ya ci gaba da labarin jarumin wannan wasa.

Wanne ya fi dacewa da wanda zai fara?

Ya danganta da abin da yake gajiyar da mutum. Wanda jira da karanta jerin umarni suke gundurarsa, zai sha wuya a faɗan dabara, domin aibinsa na gaske shi ne nawa: ƙaramin faɗa da ba shi da wani haɗari yana iya cin mintuna masu yawa, kuma idan aka maimaita shi sau ɗari ya zama aikin ƙarfi. Shi ya sa wasanni irin su Pathfinder: Wrath of the Righteous suka bar mai wasa ya sauya tsakanin tsarin biyu yadda ya ga dama, ya share ƙananan maƙiya kai tsaye, ya koma bi da bi idan ya isa gaban bos, wato babban maƙiyi.

Wanda kuma yake da ciwon hannu, ko raunin gani, ko shekaru sun rage masa sauri, ko yake wasa a inda za a iya katse shi a kowane lokaci, faɗan bi da bi yana buɗe masa ƙofar da zafin nama yakan rufe, kuma wannan batu ne da nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata a muhawarar. Ga mai son gwada dabara a karon farko, Dragon Quest XI yana da sauƙin shiga kuma ba ya tsananta wa mai koyo. Ga mai son zafin nama, ya fi kyau ya fara da wasan da ake iya rage wahalarsa, kamar The Witcher 3, kafin ya tunkari Elden Ring, wanda ba shi da zaɓin sauƙi ko wuya a cikin saitinsa.