Degel

Degel, wasu kan rubuta Ɗagel, ƙauye ne a arewa da birnin Sakkwato, kusa da Cimmola, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta jihar Sakkwato. A da yana ƙarƙashin ƙasar Gobir. An fi saninsa da cewa nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi, nan ya tara jama'arsa, daga nan kuma ya yi hijira a 1804.

Tarihi

Fulani Toronkawa, waɗanda malanta ce gadonsu, su suka zaunar da Degel a ƙarni na 18. Ba a nan aka haifi Shehu ba. An haife shi a Maratta, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, a watan Disamba na 1754, sannan mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, ya taso da iyalinsa zuwa Degel Shehu yana yaro. A wajen mahaifin nasa ya yi karatun Alƙur'ani. Yana da shekara ashirin ko kusa da haka, wajen 1774, ya fara wa'azi a cikin ƙauyen, daga baya ya riƙa fita yawon wa'azi zuwa Kabi da Zamfara tare da ƙanensa Abdullahi. A Zamfara kaɗai sun yi kimanin shekara biyar.

Abin da ya ba Degel sarari ta bunƙasa shi ne taron Idi na Magami, a 1788 ko 1789. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar tasa. Maimakon dukiya sai ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayan da Shehu ya dawo ya zauna a Degel sosai, a farkon shekarun 1790, almajirai suka yi ta zuwa, Fulani da Hausawa da Buzaye, har ƙauyen ya koma tamkar garin makaranta. Ana karatu da Larabci, ana kuma wa'azi da waƙa cikin Fulatanci da Hausa domin waɗanda ba su yi nisa ba. Mata ma suna halartar karatu, abin da wasu malaman zamanin suka soki Shehu a kai. A wannan lokaci ne, wajen 1793, aka haifi Nana Asma'u a ƙauyen. Mutanen suna kiran kansu Jama'a kawai.

Zaman lafiya da fadar Gobir da ke Alkalawa bai ɗore ba. Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ban da Shehu ba wanda zai yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Ɗansa Yunfa ya gaje shi a 1802 ko 1803. Ana cewa Yunfa ya taɓa karatu a wajen Shehu, ana kuma cewa ya nemi harbe shi a fada bindigar ta tashi a hannun Yunfan. Labarai ne da suka zo ta bakin ɓangaren Jama'a.

Rikicin ya fashe a kan Gimbana, garin da Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ya koma da mutanensa. Gobirawa suka ci garin, suka koro bayin da suka kama ta kusa da Degel, mutanen ƙauyen suka fito suka kwance su. Yunfa ya aiko wa Shehu ya tashi shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ce ba ya barin jama'arsa. Ranar 21 ga Fabrairu 1804 suka kama hanyar Gudu, da littattafan Shehu a bisa raƙuma. A Gudu aka yi masa mubaya'a, a watan Yuni kuma aka gwabza yaƙin Tafkin Kwatto. Shehu bai sake zama a Degel ba: ya zauna Gwandu, ya koma Sifawa, ya rasu a Sakkwato a 1817.

Mulki

Ta fuskar gwamnati ƙauyen yana ƙarƙashin Gwadabawa, ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ta fuskar sarauta yana cikin masarautar Sarkin Musulmi. Muhammadu Maiturare ne ya kafa Gwadabawa a ƙarshen ƙarni na 19, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915, kuma hakiminta yana riƙe da sarautar Sarkin Gobir.

Sana'a

Noman gero da dawa da wake, da kiwo. Yankin Gwadabawa ya yi suna wajen albasa.

Wuraren ziyara

Wanda ya zo neman ganuwa ko tsohuwar fada ba zai samu ba, don Degel ba ta taɓa zama birnin sarauta ba, kuma ginin ƙasa da dannin kara ba sa jure damina ɗari biyu. Abin da ke kawo mutane shi ne tsohon mazaunin Jama'a da kaburburan magabata, musamman wanda ake dangantawa da Malam Muhammadu Fodiyo. Masu ziyara kan haɗa Degel da Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Muhammadu Bello a Wurno cikin tafiya ɗaya.