Fentin ƙananan mutum-mutumin sojojin Hesse na yaƙin 'yancin Amurka don wasan yaƙi a tebur: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne sojojin Hesse ɗin?

Sojojin Jamus ne da Birtaniya ta ɗauko haya don yaƙar Amurkawa masu neman 'yanci tsakanin 1776 da 1783. Yawansu ya kai wajen 30,000, daga ƙananan masarautu shida: Hesse-Kassel, Hesse-Hanau, Brunswick, Ansbach-Bayreuth, Waldeck da Anhalt-Zerbst. Fiye da rabinsu mutanen Hesse-Kassel ne, shi ya sa sunan ya bi su duka. Ba kowane soja ne ya sayar da kansa ba. Sarkinsu ne ya ba da aron runduna sukutum, da tutarta da hafsoshinta da kakinta, ya karɓi kuɗi. Wannan ne ya shafi mai fenti: kowace runduna ta zo da launinta na gida.

Kafin a buɗe kwalbar fenti, me za a fara bincika?

Sunan runduna da shekara, a haɗe. Nan ne akasari ake tafka kuskure, domin a Hesse-Kassel runduna tana amsa sunan shugabanta ne, in ya mutu ko an canza shi sai sunan ya canza. Rundunar Kanar Johann Rall, wadda George Washington ya mamaya a Trenton ranar 26 ga Disamba 1776, ta koma Woellwarth, daga baya Trümbach a 1778, sannan d'Angelelli. Ga inda gizo ke saƙar: kafin 1778 akwai wata runduna daban mai suna Trümbach, ita ce ta koma von Bose, wadda ta yi yaƙin Guilford Courthouse a 1781. Wanda ya ga "Trümbach" a jikin zane ya hau fenti bai duba shekara ba, yana iya ɓata mako guda a kan rundunar da ba ita yake nufi ba.

Sai a zaɓi yaƙi guda, a rubuta rundunonin da suka halarta, a gwada zane biyu ko uku. In sun saɓa, a fifita wanda ya faɗi inda ya samo bayaninsa.

Duk shuɗi suke sawa?

Mafi yawa, i: kwat shuɗi mai duhu, ɗinkin Prussia. Bambancin yana bakin hannu da ƙirjin kwat. A Trenton, na von Lossberg ruwan lemo ne, na von Knyphausen baƙi, na Rall ja. Maharban da ake kira Jäger kuwa kore suke sawa mai jan baki, da gajeriyar bindiga. Mahayan Brunswick, waɗanda suka yi yaƙin Bennington a ƙasa a 1777, shuɗinsu mai haske ne da rawaya.

Hula ma tana faɗin matsayi. Giranadiya, wato zaɓaɓɓun sojojin ƙasa, doguwar hula mai tsini da farantin ƙarfe a gaba, fusiliya, wani rukunin sojojin ƙasa, irinta amma gajera, sauran malafa baƙa mai kusurwa uku. Hafsoshi malafa suke sawa ko da a cikin giranadiya ne, saboda haka kada a ɗora wa hafsa hular tsini.

Wane girma za a saya?

Masu tsayin milimita 28 ga mai son maɓalli da gashin baki su fito, kamfanonin Perry Miniatures da Warlord Games duk suna yin su. Milimita 15 ga mai son cika tebur da runduna a kan kuɗi kaɗan.

Yaya ake bin fentin daki-daki?

A kankare layin da mazubi ya bari da wuƙa mai kaifi, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu don maiƙon ya fita, in ba haka ba fenti zai riƙa zamewa. A manna sojoji shida zuwa takwas a kan sanda, a fesa fentin shimfiɗa toka-toka daga nisan santimita 20 zuwa 30. Baƙin shimfiɗa yana taimakon kwat, amma yana cinye ja da ruwan lemo, toka-toka ya fi raba gardama.

Kwat ɗin: a shafa shuɗin Prussia mai duhu, irin na kamfanin Vallejo mai lamba 70.899, an tsinka shi da ɗigon ruwa, shafi biyu. Sai a ɗauki mai ɗan haske, 70.965, a taɓa kafaɗa da gwiwar hannu da gefen ninki kawai. Kada a haska shi da fari. Fari yana mai da shi shuɗin sama, sai sojan Hesse-Kassel ya koma kamar mahayin Brunswick.

Farin ɗamara da madaurin ƙirji su ne masu cin lokaci. Toka mai haske tukuna, sannan fari mai ɗan dishi-dishi a sama, a bar siririn layin toka a gefe. Fari zalla kai tsaye a kan shuɗi sai ya yi kauri kamar alli. Ja a ɗora shi kan ruwan ƙasa, ruwan lemo kuma kan rawaya mai duhu, don shi kaɗai ba ya rufe komai.

Farantin hula shi ne abin da ido ke fara kamawa daga nesa. Ruwan ƙasa a ƙasa, fentin tagulla a sama, a zuba tsinkakken ruwan ƙasa mai duhu ya kwanta cikin zanen, in ya bushe a goga tagulla kaɗan da busasshen buroshi. A tabbata dai rundunar tagulla take sawa, don wasu farin ƙarfe ne. Takalmi da abin rufe ƙwauri baƙi, da ɗan toka a gefe.

Me ya sa wasu ke yin fari-fari bayan an gama?

Banish ɗin kariya ne da aka fesa cikin raɓa ko daga nesa ƙwarai, sai ya bushe a iska kafin ya sauka. A gwada a kan soja ɗaya tukuna. In ta riga ta faru, shafin banish mai sheƙi da buroshi yakan dawo da launin, sannan a bi da marar sheƙi. Gam mai saurin kamawa ma yana barin irin wannan farin in an yawaita shi, ɗigo ɗaya a ƙarƙashin ƙafa ya isa.

Nawa ake jerawa a kan dandamali, wato ɗan faifan da ake manna su a kai?

Dokar wasan ce ke yankewa, amma huɗu a kan milimita 40 da 40 ya zama ruwan dare a girman 28. Dandamali shida ke nan ga runduna mai mutum 24, na tsakiya ɗauke da hafsa da mai ganga da masu tuta. Jäger kuwa bibbiyu ko ɗai-ɗai, tunda a warwatse suke yaƙi.