Ingancin Abinci da Rage Ƙiba ga Mai Motsa Jiki

Ingancin abinci da rage ƙiba batu ne a ilimin abinci da lafiyar jiki, wanda ke duba ko irin cimar mutum tana da hannu wajen saukar nauyinsa, ko kuwa yawanta kaɗai ne abin lura, musamman ga wanda ya lizimci motsa jiki. A bakin jama'a tambayar ta fi haka sauƙi: tunda kullum ina fita gudu, ashe ba zan ci abin da raina ke so ba? Inda bincike ya fi karkata shi ne, nauyi yana sauka ne idan kuzarin da ke shiga jiki ya gaza wanda ke fita, amma irin abincin ne ke yanke yawan abin da mutum zai ci kafin ya ji ya ƙoshi. Shi kuwa motsa jiki, duk da tarin amfaninsa, abin da yake ƙonawa bai kai yadda mutane ke zato ba.

Lissafin kuzari

Ana auna kuzarin abinci da ma'aunin kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin (sinadarin gina jiki) ma 4, na mai ko kitse kuwa 9. Shi ya sa babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ke ɗauke da kalori kusan 120, alhali ba ya tare wani wuri a ciki. Kilo ɗaya na kitsen jikin mutum yana daidai da kalori wajen 7,700.

Mafi yawan kuzarin da jiki ke kashewa a yini, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne a bugun zuciya da numfashi da aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ko mutum yana kwance yana barci. Kusan kashi 10 na tafiya wajen narkar da abinci. Ragowar ce ta zirga-zirga, kuma a cikin ragowar nan ne atisaye ke da nasa ɗan kaso.

A ɗauki magidanci mai kilo 70 da ya fito bayan sallar asuba ya yi awa guda yana tafiya da sauri a kewayen filin wasa na Giginya da ke Sakkwato. Abin da ya ƙona bai wuce kalori 250 zuwa 300 ba. In ya tsaya a shago ya sha robar lemo mai rabin lita, ya mayar da kalori wajen 200 cikin minti biyar, domin sukarin da ke ciki ya kai giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. In kuma teburin mai shayi ya nufa, aka soya masa Indomie da ƙwai, aka haɗa shayi mai kauri da madara da sukari, ga burodi, to abin da ya ci ya ninka abin da ya ƙona sau biyu ko uku. Ta lissafin takarda, kilo ɗaya na kitse yana buƙatar irin wannan tafiya ta kusan awa 27, in har bai ƙara ko loma a kan abin da ya saba ci ba.

Ramuwar da jiki ke yi

Ko wannan lissafin ma ya yi wa motsa jiki sassauci, domin jiki yana ramawa. Wanda ya yi gudu da safe yakan ji yunwa fiye da kullum, yakan kuma rage kai-komo a sauran yinin ba tare da ya lura ba: tafiyar da yake yi da ƙafa zuwa kasuwa sai ya hau kabu-kabu. Wani nazari da aka buga a 2021 a kan manya sama da 1,700 ya nuna cewa jiki yakan cike kusan kashi 28 cikin 100 na kuzarin da aka ƙona a motsi ta hanyar rage abin da yake kashewa a sauran ayyukansa.

Akwai bincike biyu daga Afirka da suka girgiza tunanin masana a kan wannan. A 2008 masu bincike na Jami'ar Loyola da abokan aikinsu na Nijeriya suka kwatanta matan karkara na Igbo-Ora a Jihar Oyo da baƙaƙen mata mazauna wajen birnin Shikago a Amurka. Matan Nijeriya nauyinsu kusan kilo 58 ne a matsakaici, na Amurka kusan kilo 83. Kowa ya ɗauka aikin ƙarfi ne ya raba su. Da aka auna, aka kuma yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke kashewa a motsi bai bambanta sosai ba. Abin da ya fi bambanta shi ne cimarsu. A 2012 kuma Herman Pontzer da abokansa suka auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yawo a daji yini guda, suka tarar jimillar kalorin da suke ƙonawa a rana ta yi kusa da ta mazauna biranen Amurka da Turai masu girman jiki irin nasu.

A gari mai zafi irin Sakkwato, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, akwai wani ruɗani na daban, wato gumi. Mutum ya yi gudu ya jiƙe sharkaf, ya hau sikeli ya ga kilo ɗaya ya tafi. Ruwa ne ya fita, kuma da ya sha zai dawo. Masu sanya leda ko kaya masu kauri don su ƙara zufa suna jefa kansu cikin haɗarin bushewar jiki da bugun zafi, kitsen kuma yana nan inda yake.

Yawa ko inganci

Masu cewa adadin kalori ne kaɗai abin dubawa suna da hujjarsu. A 2010 Mark Haub, farfesan ilimin abinci a Jami'ar Jihar Kansas, ya yi mako 10 mafi yawan cimarsa kek da biskit da kayan zaƙi na leda, amma ya tsare kansa a ƙasa da kalori 1,800 a rana. Ya rage kusan kilo 12. Gwajin ya tabbatar da cewa kalori ne ke hukunta nauyi. Sai dai mutum ɗaya ne, masani mai auna kowace loma, kuma na ɗan lokaci. Talaka da ke cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa ba shi da wannan sikelin. Cikinsa ne ke gaya masa ya isa.

A nan ne gwajin da wani mai bincike, Kevin Hall, ya yi a 2019 ya zama muhimmi. A cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka aka kwantar da mutum 20 tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta wanda aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita kalori da sukari da mai da ke cikin abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, suna kuma ci da sauri, har nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A makonnin girkin gida suka rage kusan kilo ɗaya, ba wanda ya ce musu su rage ci. Kalori 500 ya kusa kai tafiyar awa biyu.

Shekara guda kafin haka, a 2018, Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya buga sakamakon gwaji a kan mutum 609 na tsawon wata 12. Rabi aka ce su rage mai, rabi su rage sitaci. Dukansu aka umarce su da su guji ƙarin sukari da tataccen gari, su yawaita ganye, su riƙa girki a gida, ba a kuma ɗora musu ƙidayar kalori ba. Rukunin farko ya rage kilo 5.3 a matsakaici, na biyu kilo 6, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Ke nan gardamar da ake yawan yi, ko shinkafa ce matsala ko mai, ba ta kai muhimmancin abin da rukunan biyu suka yi tarayya a kai ba.

Yadda ingancin ke aiki ba ɓoyayye ba ne. Abinci mai ruwa da ganye da dusa yana cika ciki da kalori kaɗan: giram 100 na kankana kalori 30 ne kawai, na gyaɗa kuwa ya haura 550. Furotin, irin na wake da ƙwai da kifi da nama da nono, yana riƙe ciki fiye da sitaci, kuma jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuzarinsa wajen narkar da shi, alhali na mai bai wuce kashi 3 ba. Abin sha mai zaƙi shi ne mafi yaudara, domin yana wucewa ba tare da ya kashe yunwa ba.

A akushin Sakkwato

Cimar gargajiya ta wannan yanki ba ta da laifin da ake ɗora mata. Tuwon gero ko na dawa da miyar kuka ko kuɓewa, fura da nono, hoce, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dafaffen wake, ga albasa da tumatir da kabewa da ake nomawa a fadamun Rima: wannan abinci ne na hatsi da ganye, irin wanda masana ke ƙoƙarin mayar da mutanen Turai gare shi. Abin da ya canja shi ne abubuwan da suka shigo cikin akushin, da kuma aikin da ya fita daga rayuwar mai cin.

Fura misali ce mai kyau. Wadda aka dama da nono tsagwaro gero ce da madarar da aka cire wa mai, tana riƙe manomi daga hantsi har la'asar. Wadda aka dama da kindirmo ko yogot mai zaƙi, aka zuba sukari cokali huɗu ko biyar, aka sa ƙanƙara, sunanta dai fura amma kuzarinta ya yi sama sosai, kuma sau da yawa ana shan ta ne a kan abinci, ba a madadinsa ba. Haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gora: kasancewarsu haɗin gida bai rage sukarin da ke ciki ba. Gero da dawa kuma, duk yadda aka tsananta surfe aka tace gari, dusar da ke jinkirta narkewa ita ake zubarwa. Farar shinkafa da taliya da burodin fulawa sun riga sun rabu da tasu tun daga inji.

Sai mai. Wake ɗaya ne, amma alala da ƙosai ba ɗaya ba ne, don ƙosai ya sha mai a kasko. Awara furotin ce mai arha da ta dace da mai rage ƙiba, suyar ce ke ƙara mata nauyi. Miyar da mai ke yawo a kanta, da man shanun da ake kwararawa a kan tuwo, su ne wurin da kalori ke ɓuya a gidaje da yawa. Uwargidan da ta koma auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga galan ta rage wa gidan ɗaruruwan kalori a tukunya ɗaya, ba tare da kowa ya tashi da yunwa ba.

Ya kamata a faɗi ɗaya gefen ma. Abinci mai kyau ba ya rasa kalori. Gyaɗa da dabino da zuma da kilishi duk suna da amfani, amma giram 100 na dabino ya kai kalori wajen 280, zuma kuma sukari ce a wurin jiki. Malmala uku ta tuwon gero tana sa ƙiba kamar yadda shinkafa ke sawa. Kwanon da kakanninmu ke ci su nufi gona da fartanya shi ne har yau ake ajiye wa ma'aikacin ofis da mai zaman shago.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarin sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin yini, wato kusan giram 50 ga babba, kuma a ci kayan lambu da 'ya'yan itace akalla giram 400 a rana. Robar lemo guda ta cinye wannan kason sukarin gaba ɗaya. Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Rabon motsa jiki

Kuskure ne babba mutum ya ji wannan bayani ya ajiye takalmin gudunsa. Motsa jiki yana rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya ko sikeli bai motsa ba, yana kuma cin kitsen da ke kewaye da kayan ciki, wanda ya fi na cinya da ɗuwawu haɗari. Shi ya sa wani zai ga wandonsa ya yi masa yawa alhali nauyinsa na nan. Wanda ya rage ci kawai yakan rasa tsoka tare da kitse. Ɗaga nauyi da isasshen furotin su ke tsare tsokar. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka akalla kwana biyu.

Inda motsa jiki ya fi nuna kansa shi ne hana ƙiba dawowa. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka kafa a 1994, ta mutanen da suka rage akalla kilo 13 suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye. Kusan dukansu sun gyara cimarsu, kuma mafi yawansu suna motsa jiki wajen awa guda a rana, galibi tafiya da ƙafa.

Azumi da masu lalura

Watan Ramadan yana nuna wannan lamari a fili. Mutum ya wuni bai ci ba, ya yi tsayuwar tarawihi, amma wata ya ƙare nauyinsa bai ragu ba, wani ma ya ƙaru, saboda buɗa-baki ya zama ƙosai da soyayyen dankali da doya da kunu mai sukari da lemo, kafin a zo ga abincin kansa. Wanda yake son yin atisaye a watan, bayan shan ruwa ya fi masa aminci, musamman in azumin ya faɗo a bazara.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin, da mai hawan jini ko ciwon ƙoda, da mai juna biyu ko shayarwa, ba su rage ci ko fara atisaye mai tsanani sai da shawarar likita, domin sukarin jini yana iya faɗuwa ƙasa ainun. Yara kuwa lissafinsu daban ne, musamman a jiha irin Sakkwato da tamowa ke cikin manyan matsalolin lafiyar ƙananan yara. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya canja ci ko motsi ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari da ya ƙi ƙarewa, asibiti ya kamata ya nufa a auna shi.