Shin gara ce ke kashe bishiyoyin da ake dasawa?

An daɗe ana cewa duk bishiyar da gara ta yaɓa wa ƙasa a jiki ta gama yawo, shi ya sa wasu masu dashe sukan rushe duk surin da suka gani. Tsoron yana da tushe, domin gara tana cin saiwar ƙananan dashe, musamman bishiyar turare idan fari ya galabaitar da ita.

Sai dai abincin yawancin gara mataccen abu ne: busasshen itace, ganye, kara da kashin dabbobi. A jikin babbar bishiya mai lafiya, sau da yawa busasshen ɓawon waje kawai take ci. Garar da ke gina manyan suri ma noma take yi, domin tana renon wata irin funfuna a cikin surin, wadda ke narkar mata da itacen da ta tara. Ramukanta kuma suna buɗe ƙasa mai tauri ruwan sama ya shige, abin da manoman Tawa a Nijar suke amfana da shi idan suka zuba taki a ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa, don ya jawo gara.

Kowa zai iya dubawa da kansa. A kankare ƙasar da aka yaɓa, a ɗan karce ɓawon da wuƙa. Idan cikinsa ɗanye ne, bishiyar tana raye. Idan ya bushe, a bincika ƙishirwa, wuta ko saran gatari, domin sau da yawa su ne suke riga gara isa.

Don Allah a isar da wannan bayani ga masu dashe da manoman da kuka sani.