Maɗaurin seleniyom: ma'anarsa a fagen haɗa sinadarai kan ƙwayoyin roba

Duk wanda ya taɓa haɗa sabon sinadari a ɗakin gwaje-gwaje ya san inda gizo yake saƙar. Zuba wannan cikin wancan a motsa ba ya cin lokaci. Abin da ke cin rai shi ne tsamo abin da kake nema daga cikin tarkacen da ya rage a kwalba: ragowar kayan da ba su ƙare ba, da abubuwan da suka fito ba a gayyace su ba, da ruwan da aka narka su duka a ciki. Aikin awa biyu sai ya ja maka kwana biyu na tacewa, kuma kowace tacewa da abin da take lashewa. In kana asarar kashi 10 cikin 100 a kowane mataki, bayan ka gama mataki na goma abin da ya saura a hannunka bai wuce kashi 35 ba.

Wannan ciwon kai ne ya sa Bruce Merrifield, wani masani a Cibiyar Rockefeller da ke birnin Niyok a Amurka, ya fito da dabarar da ya wallafa a 1963. Ya ce, maimakon a bar abin da ake ginawa yana yawo cikin ruwa tare da tarkace, a ɗaure shi jikin wani abu da ba ya narkewa. A zuba masa sinadarin mataki na farko, a jira, a tace, a wanke. Tarkace ya bi ruwa ya tafi, abin da ake ginawa yana nan a ɗaure. A zuba na biyu, a sake tacewa da wankewa. Sai an gama kaf sannan a kwance shi. Da sarƙar amino asid huɗu ya fara, wato tubalan da ake gina furotin da su. A 1969 shi da Bernd Gutte suka haɗa furotin mai suna ribonukiliyes mai amino asid 124, a 1984 kuma aka ba shi kyautar Nobel. Wannan shi ake nufi da haɗa sinadarai kan daskararren abu.

Mai tsire ya riga kowa gane hikimar. Da zarar nama ya hau tsinke, ba sai ka bi kowace tsoka da hannu ba. Ka tsoma a mai, ka barbaɗa ƙuli, ka kai bakin wuta, ka juya, duk da riƙo ɗaya.

Tsinken masu kimiyya dai wasu ƙananan ƙwayoyi ne na robar polistirin, dangin farar robar nan marar nauyi da ake tokare sabuwar talabijin da ita cikin kwali. In ka zuba su a tafin hannu kamar lallausan rairayi suke, kowace ƙwaya faɗinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. An ɗinke sarƙoƙin robar da juna da ɗan sinadarin dibinilbenzin, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, don kada su narke. Amma suna kumbura. Ka zuba musu ruwan narkarwa irin su daikuloromitan, sai ka ga ɗan garin da ke gindin kwalba ya tashi ya ninka kansa sau da yawa, ya zama kamar jiƙaƙƙen garin rogo. Kumburin nan shi ne rayuwar aikin, domin kusan duk wuraren ɗaurin suna can cikin ƙwayar ne, ba a bayanta ba. In ka zuba ruwan sha ko metanol, ƙwayar ta tsuke, ƙofa ta rufe.

To, tsakanin ƙwayar robar da abin da ake ginawa akwai ɗan guntun sinadari da ke riƙe su tare. Shi ne maɗauri. Ana neman abu biyu masu karo da juna a wurinsa: ya riƙe gam duk tsawon aikin, komai asid ko zafin da aka kawo, sannan ranar da aka ce ya saki, ya saki ba gardama, ba tare da ya lalata abin da aka sha wahalar ginawa ba. Maɗauran farko an yi su ne domin sarƙar amino asid, saboda haka in aka yanke su sukan bar wani reshe a daidai wurin yankan, galibi reshen asid ko na amaid. Ga sarƙar furotin wannan ba laifi, da ma can haka ƙarshenta yake. Amma ga mai neman sabon magani, reshen nan tabo ne, kamar hudar da tsinke ya bari a jikin nama. Zai iya hana sinadarin shiga ƙwayar halitta, zai iya sauya yadda yake aiki gaba ɗaya. Daga nan aka shiga neman maɗauri marar barin tabo, kuma a nan seleniyom ya samu shiga.

Seleniyom shi ne na 34 a jadawalin sinadarai, yana zaune ƙarƙashin farar wuta, kuma halinsu ya yi kama. Jöns Jacob Berzelius ne ya gano shi a ƙasar Suwidin a 1817, cikin dattin da ya kwanta a wata masana'antar asid, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin wata na sama. Jikin ɗan Adam yana bukatar ɗan ƙanƙani, wajen maikirogiram 55 a rana ga baligi, amma in ya yi yawa guba ne. Masu aiki da shi kuma sun san shi da wari. Wasu sinadaransa masu tashi cikin iska warin ruɓaɓɓiyar tafarnuwa gare su, yana kama tufa da fata, ya bi mutum har gida. Duk da haka ba a iya rabuwa da shi, saboda ɗaurinsa da kabon ya fi na farar wuta rauni, kuma raunin nan shi ne amfaninsa.

Ga yadda abin yake. In seleniyom yana manne da kabon, sai aka ba shi oksijin guda, to oksijin ɗin yakan miƙa hannu ya fizge haidirojin daga kabon na maƙwabta, a gefe ɗaya da shi. Nan take ɗaurin seleniyom da kabon ya tsinke, tagwayen ɗauri ya bayyana tsakanin kabon biyun. Farar wuta ma tana yin haka, amma sai an dafa ta sosai. Seleniyom kuwa a zafin ɗaki yake yi, wani lokaci ma cikin ƙanƙara. A 1973 ne ayyukan Barry Sharpless da Hans Reich da Derrick Clive suka mai da wannan hanya abin yau da kullum. Matsalar ita ce bayan an gama, ragowar seleniyom ɗin tana nan cikin kwalba tare da kayanka, da warinta da gubarta, sai ka sake zaman tacewa.

Amsar a bayyane take: a ɗaure seleniyom ɗin shi kansa jikin roba. Walter Heitz da abokan aikinsa a Jamus sun gwada haka tun 1976, amma sai a 1998 abin ya kankama, lokacin da kamfanonin magani ke rububin haɗa dubban sinadarai a lokaci guda. A shekarar, ƙungiyar K. C. Nicolaou a Cibiyar Scripps da ke Kalifoniya ta nuna yadda ake maƙala seleniyom jikin polistirin, sannan a zuba masa buromin, a samu ƙwayoyi masu duhun ja waɗanda kowane seleniyom a cikinsu yake riƙe da buromin guda, a shirye ya kama aiki. A shekarar dai Thomas Ruhland da abokansa a kamfanin magani na Lundbeck a Denmak suka fito da tasu hanyar.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ya sa nake ganin kalmar maɗauri ta yi wa seleniyom kaɗan, shi ne ba riƙo kawai yake yi ba. Yana aiki lokacin ɗaurawa, yana aiki lokacin kwancewa. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne aikin da ƙungiyar Nicolaou ta wallafa a 2000 kan zoben benzofiran. Akan ɗauko sinadarin fenol, wato zoben kabon shida da oksijin ke manne a jikinsa, mai ɗan reshe na kabon biyar a gefensa, reshen yana da tagwayen ɗauri. Da an zuba shi kan jajayen ƙwayoyin nan, seleniyom ya cafke tagwayen ɗaurin, oksijin ɗin fenol ya zagayo ta baya ya kama ɗaya kabon ɗin, zobe mai kusurwa shida ya rufe. Wato ɗaurawa da gina zobe sun faru a bugu ɗaya. Mai aikin ma yana gani da idonsa, domin jan launin ƙwayoyin yana kodewa yayin da buromin ke barin seleniyom. Daga nan sai a yi ta ƙara rassa a ɗaya gefen zoben, ana tacewa ana wankewa. Ranar kwancewa a kawo haidirojin feroksaid, dangin wanda ake saye a kemis don wanke ciwo amma mai ƙarfi sosai. Seleniyom ya karɓi oksijin, ya fizge haidirojin, ya saki, ya bar tagwayen ɗauri a daidai inda ake bukatarsa cikin zoben. Kayanka ya gangaro cikin ruwa, seleniyom da gubarsa suka tsaya kan rariyar gilashi tare da roba.

Ta wannan hanya suka haɗa sinadarai 10,000 masu wannan zobe, kowane rukunin ƙwayoyi cikin ɗan ƙaramin kwandonsa mai lamba da na'ura ke karantawa, don kada a rikita wane ne wane. Ba su zaɓi zoben nan da ka ba. Tsirrai da yawa suna ƙera shi, kuma sau da yawa yana tare da ƙarfin magani ko na guba. Majimfa, shukar da masunta suka daɗe suna dakawa su zuba a ruwa don kifi ya bugu, tana ɗauke da sinadarin degelin, kuma wannan zobe yana jikinsa, da tagwayen ɗaurinsa a wuri ɗaya da wanda seleniyom ke bari. Da aka gwada tarin sinadaran na Scripps an samu waɗanda ke toshe numfashin ƙwayar halitta a wurin da degelin ke toshewa, an kuma samu masu kashe ƙwayar cutar sitafilokokus da ta gagari maganin metisilin.

Akwai hanyar kwancewa ta biyu, wadda ita ce marar tabo ta gaskiya, kuma a kanta aikin Ruhland ya tsaya. A nan ba a kawo oksijin. Ana dafa ƙwayoyin da wani sinadarin kuza mai ɗauke da haidirojin. Kuza ta janye seleniyom, haidirojin ya zauna a gurbinsa. Wanda ya duba sinadarin daga baya ba zai iya nuna inda aka ɗaure shi ba, domin kabon da haidirojin ne kawai a wurin, irin waɗanda suka cika jikinsa ko'ina. Sai dai a ganina an biya wannan tsabta da tsada. Sinadaran kuza irin wannan su ma guba ne, kuma suna bin kayanka cikin ruwa, sai an sake raba su. An kori wari ta ƙofa, wata gubar ta shigo ta taga.

Wasu kuma sukan kira seleniyom maɗauri mai sakata, domin yana zaune shiru cikin asid da alkali da yawancin abin da aka zuba masa, ba ya motsi sai an zare sakatar, wato an ba shi oksijin. Da wannan hali ƙungiyar Nicolaou ta riƙe bankomaisin, maganin ƙwayoyin cuta da likitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza, ta yi aiki a jikinsa yana ɗaure. A ƙasar Sin kuma, Xian Huang na Jami'ar Zhejiang da ɗalibansa sun shafe shekaru suna gina zobba iri-iri masu naitirojin da oksijin a kan irin wannan roba.

Ba zan ɓoye iyakarsa ba, domin ɗalibi yakan karanta irin waɗannan labarai ya ɗauka an gama da wahalar tacewa har abada. Tunda oksijin ne mabuɗin, ba ka da damar yin wani mataki mai bukatar ƙara oksijin a tsakiyar aiki, in ka yi kayanka zai zube tun bai nuna ba. Sinadarin butil litiyom ma yakan far wa seleniyom ya tsinke shi. Sannan ba ka ganin abin da ke faruwa cikin ƙwayar da sauƙi. A kwalbar ruwa ɗigo ɗaya ya isa ka duba ko aiki ya kammala, amma a nan sai ka ɗebi 'yan ƙwayoyi ka kwance su ka auna, ko ka nemi na'urar maganaɗisu ta musamman mai juya samfur da gudu, wadda ba kowane ɗakin gwaje-gwaje ke da ita ba. Ana kuma zuba sinadarai ninki uku ko biyar na abin da ake bukata don a tabbatar kowane wuri ya samu, sauran ya tafi a wanki. Giram ɗaya na roba abin da yake ɗauka bai fi 'yan ɗaruruwan miligiram na kaya ba. Dabara ce ta mai neman iri da yawa kaɗan-kaɗan don gwaji, ba ta mai cika buhu ba.

A takardun masana za ka ga an zana ƙwallo mai inuwa, an ja layi daga jikinsa zuwa haruffan Se, alamar seleniyom, daga nan zuwa sinadarin. Ƙwallon shi ne robar. In na ga wannan zane, abin da nake fara yi shi ne in sa bakin biro kan kabon da ke riƙe da seleniyom, in matsa zuwa na kusa da shi, in duba ko yana da haidirojin da oksijin zai iya kaiwa gare shi a gefe ɗaya. In akwai a ɓangarori biyu, tagwayen ɗaurin zai iya faɗawa ko'ina cikinsu, a samu cakuɗe. In babu ko ɗaya, feroksaid ba zai kwance komai ba, sai dai a koma wa kuza. A zoben benzofiran, kabon ɗaya na maƙwabta ya cika da oksijin da rassan metil biyu, ba shi da haidirojin ko guda, saboda haka hanya ɗaya tak ta rage wa seleniyom, kuma ita ce wadda ake so.