Zaɓen Sababbin 'Yan Wasan Besbol na Amurka

Zaɓen sababbin 'yan wasa taro ne na shekara-shekara da ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol ta Amurka da Kanada, wato MLB, ke yi domin raba matasan da ba su taɓa yin wasa don kuɗi ba a tsakaninsu. Idan layi ya zo kan ƙungiya sai ta kira suna ɗaya, kuma ita kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da wanda ta kira a wannan shekarar. An fara shi a 1965. Yawancin waɗanda ake zaɓa ko dai yara ne 'yan shekara 17 zuwa 19 da suka gama sakandare, ko kuma samarin da suka yi shekara uku suna buga wa jami'a. Wanne ya fi dacewa a zuba wa kuɗi tsakanin biyun nan, ita ce tambayar da aka fi daɗewa ana jayayya a kanta a tarihin zaɓen.

Asali

Kafin 1965 babu layi. Duk ƙungiyar da ta ga yaro mai baiwa sai ta je gidan iyayensa da tayinta, wadda ta fi kuɗi kuma ita ke tafiya da shi. Masu ƙungiyoyi sun yi ƙoƙarin taka wa kansu birki da wata doka da ta yi aiki a ƙarshen shekarun 1940, aka sake dawo da ita daga 1953 zuwa 1957. A zubinta na biyu, duk yaron da aka ba fiye da dala 4,000 kuɗin sa hannu dole ne ya zauna cikin babbar ƙungiya shekara biyu, ba za a tura shi ƙananan gasanni inda ake renon 'yan wasa ba. Dokar ta cutar da yara da dama, domin sun shafe shekarun da ya kamata su koyi wasa suna zaune a benci. 'Yan kaɗan ne suka tsira daga gare ta da sunansu. Al Kaline ya shiga Detroit Tigers a 1953 yana ɗan shekara 18, kai tsaye daga sakandare. Sandy Koufax, mai jifan ƙwallo, shi ma ta wannan hanyar ya shiga Dodgers, sai da ya yi shekaru yana fama kafin hannunsa ya nuna.

Abin da ya kai masu ƙungiyoyi bango shi ne cinikin Rick Reichardt na Jami'ar Wisconsin a 1964, wanda Los Angeles Angels ta ba kimanin dala 200,000. A ƙarshen wannan shekarar suka amince da tsarin zaɓe irin wanda gasar ƙwallon Amurka ta NFL ke yi tun 1936. Dalilin da aka bayyana shi ne a ba ƙungiyoyi marasa ƙarfi dama, amma rage farashin yara yana cikin lissafin tun farko, kuma sakamakon ya nuna haka nan take. A watan Yuni na 1965, a birnin New York, Kansas City Athletics ta buɗe zaɓen farko da Rick Monday na Jami'ar Jihar Arizona, ta ba shi wajen dala 100,000, rabin abin da Reichardt ya samu shekara guda kafin nan.

An kira sunaye fiye da 800 a wannan zaɓen. Johnny Bench, yaron sakandare daga Oklahoma, ya faɗa hannun Cincinnati Reds a zagaye na biyu. Nolan Ryan na Texas sai da aka wuce zagaye da dama kafin New York Mets ta ɗauke shi. Yawancin bayanai na cewa a zagaye na 12 ne. Dukansu biyu sun fi Monday suna nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma ya yi shekara 19 a babbar gasa. New York Yankees, wadda ta lashe gasar ɓangarenta sau biyar a jere daga 1960 zuwa 1964, ba ta sake lashewa ba sai 1976. Wasu na ɗora wannan kan zaɓen, wasu kan tsufan 'yan wasanta.

Har zuwa 1986 akwai wani zaɓen da ake yi a watan Janairu ban da na Yuni.

Wanda ya cancanta

Zaɓen ya shafi mazauna Amurka da Kanada da yankunan da ke ƙarƙashin Amurka irin su Puerto Rico, wadda aka shigar wajen 1990. Wanda ya gama sakandare bai shiga jami'a ba ya cancanta. Idan ya shiga jami'a mai karatun shekara huɗu, sai ya gama shekara ta uku ko ya cika shekara 21. Ɗalibin kwaleji mai karatun shekara biyu ana iya zaɓensa kowace shekara. Ɗan wata ƙasa da ke karatu a makarantar Amurka shi ma yana ciki, shi ya sa Travis Bazzana, ɗan Ostireliya da ke Jami'ar Jihar Oregon, ya zama na farko a 2024.

Yaran Jamhuriyar Dominika da Benezuwela da sauran ƙasashe ba sa ciki. Su suna sa hannu kai tsaye daga shekara 16. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda a 2017 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar, ta waccan hanyar ya shigo. An tattauna kafa zaɓe na ƙasa da ƙasa a 2022, ba a daidaita ba.

Ɗan sakandare ko ɗan jami'a

Kowace ƙungiya na da ma'aikatan da aikinsu shi ne yawo filin makaranta zuwa filin makaranta suna farautar masu baiwa. Suna ba yaro maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Ana danganta ma'aunin da Branch Rickey, wani tsohon jami'in ƙungiyoyin besbol. Ga mai bugu abubuwa biyar ake dubawa, wato iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu wajen jifa. Ga mai jifa ana auna gudun ƙwallonsa, irin lanƙwasar da take yi, da iya saita ta inda yake so.

Matsalar ɗan sakandare ita ce ba a ga ƙarshen girmansa ba, kuma waɗanda yake karawa da su yawancinsu ba za su taɓa wuce wasan makaranta ba. Mafarauci yana kallon ɗan shekara 18 ne yana ƙiyasta yadda zai kasance a 24. Idan ƙiyasin ya yi daidai, ribar ba ta da misali. Ken Griffey Jr., wanda Seattle Mariners ta ɗauka na farko a 1987 daga makarantar Moeller ta Cincinnati, ya fara buga babbar gasa yana ɗan 19, kuma a 2016 ya zama zaɓaɓɓen farko da ya fara shiga zauren gwarazan besbol na Cooperstown. Harold Baines (1977), Chipper Jones (1990) da Joe Mauer (2001) sun bi shi cikin zauren, dukansu daga sakandare aka ɗauke su a lamba ta ɗaya. Alex Rodriguez na 1993 shi ma ɗan sakandare ne.

Idan ƙiyasin ya kuskure, asarar ma haka take. A 1966 Mets ta zaɓi Steve Chilcott, mai cafke ƙwallo daga wata sakandare a California, ta bar Reggie Jackson na Jami'ar Jihar Arizona ga Athletics a lamba ta biyu. Ciwon kafaɗa ya hana Chilcott kaiwa babbar gasa, Jackson kuwa ya buga ƙwallo waje da fili sau 563.

Mafi ban tausayi su ne masu jifa. Sau uku kacal aka buɗe zaɓe da ɗan sakandare mai jifa, dukansu bahagwai ne, kuma babu wanda ya gama lafiya. David Clyde na Houston ya yi nasara a wasa 18 ba faɗuwa a shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Texas Rangers, wadda ke neman 'yan kallo ruwa a jallo, ta ɗauke shi a 1973 ta sa shi a babbar gasa bayan 'yan makonni, ba tare da kwana ɗaya na reno ba. Filin ya cika maƙil ranar, ya kuma yi nasara, amma hannun yaron bai jure ba. Ya bar babbar gasa a 1979 yana ɗan 24, da nasara 18 da faɗuwa 33. Har yau labarinsa ake kawowa idan ana gargaɗin ƙungiya kada ta yi gaggawa da yaro, kuma gargaɗin na kan hanya. Brien Taylor ya karɓi dala miliyan 1.55 daga Yankees a 1991, ya ji rauni a kafaɗa a wani faɗa a ƙarshen 1993, bai kai babbar gasa ba. Brady Aiken kuwa, Houston Astros ta zaɓe shi a 2014, likitoci suka ga abin da bai kwanta musu ba a gwiwar hannunsa, cinikin ya watse. Astros ta samu lamba ta biyu a 2015 a madadinsa ta ɗauki Alex Bregman. Ɗan sakandare mai jifa da hannun dama ba a taɓa buɗe zaɓe da shi ba.

Ɗan jami'a ya fi sauƙin karantawa. Yana da alƙaluman shekara uku a kan abokan karawa na ƙwarai, an gan shi a gasar ƙarshe ta jami'o'i da ake yi a Omaha ta jihar Nebraska tun 1950, kuma sau da yawa an gan shi da rani a gasar Cape Cod ta Massachusetts. Wannan gasar na da muhimmanci domin da sandar katako ake bugawa, irin ta babbar gasa, alhali jami'o'i sun koma sandar ƙarfe tun 1974, ita kuwa tana ɓoye raunin mai bugu. A farkon shekarun 2000 Oakland Athletics ƙarƙashin babban manajanta Billy Beane ta karkata kusan gaba ɗaya ga 'yan jami'a. Beane ya san abin daga jikinsa, domin shi kansa Mets ta ɗauke shi a zagayen farko na 1980 daga sakandare, mafarauta na yabonsa, bai kuma zama abin da aka yi zato ba. Duk da haka jami'a ba tabbas ba ce. Mark Appel na Jami'ar Stanford, na farko a 2013, sai a 2022 ya taka babbar gasa.

Yaron sakandare yana da makamin da ɗan jami'a mai shekarar ƙarshe ba shi da shi, wato zai iya cewa a'a ya tafi karatu. Gerrit Cole ya ƙi Yankees da ta zaɓe shi a lamba ta 28 a 2008, ya tafi jami'ar UCLA, ya fito na farko a 2011 da dala miliyan 8. Danny Goodwin shi kaɗai aka taɓa zaɓa na farko sau biyu, a 1971 da 1975. Bryce Harper ya bi wata hanyar daban: ya bar sakandare da wuri, ya shiga kwalejin shekara biyu a Nevada domin ya cancanta, aka ɗauke shi na farko a 2010 yana ɗan 17.

Waɗanda jerin sunaye ya raina

Watanni kafin zaɓe, mujallu irin su Baseball America da masu sharhi na fitar da jerin waɗanda suke ganin sun fi. Jerin na yin tasiri a kan farashi, amma tarihi ya sha ƙaryata shi. Mike Trout ya fito daga Millville ta New Jersey, inda sanyi ke gajarta kakar wasa, mafarauta kuma ba su gan shi sosai ba. Sai a lamba ta 25 Angels ta kira shi a 2009. Albert Pujols ya jira har zagaye na 13 a 1999, shi ne na 402. Mike Piazza ya zo na 1,390 a zagaye na 62 a 1988, kuma an ce Dodgers ta ɗauke shi ne don alfarmar kocinta Tommy Lasorda, aminin mahaifinsa. Ya shiga Cooperstown a shekara ɗaya da Griffey.

Wasu da aka zaɓa sun bar besbol ɗin ma baki ɗaya. Montreal Expos ta kira Tom Brady a 1995, Oakland kuma ta ɗauki Kyler Murray na tara a 2018. Dukansu NFL suka tafi.

Kuɗi

Bayan Stephen Strasburg ya samu kwantiragin dala miliyan 15.1 daga Washington Nationals a 2009, an kafa iyaka daga 2012. Kowace lamba a zagaye goma na farko tana da farashin da aka ƙayyade, jimillarsu kuma ita ce kason ƙungiya. Wadda ta wuce kason da abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba za ta biya tara, wadda ta zarce haka za ta rasa zaɓenta na gaba. Saboda haka ƙungiyoyi kan ɗauki 'yan jami'a masu shekarar ƙarshe da araha domin su tara abin da za su shawo kan yaron sakandare da shi. Masu suka na cewa tsarin na danne haƙƙin matasan da ba su da wakilci a teburin da aka tsara shi.

Tsarin yanzu

Zagaye ya ragu daga 50 zuwa 40 a 2012, ya koma biyar a 2020 saboda annobar korona, ya tsaya a 20 daga 2021, shekarar da aka mayar da taron watan Yuli. Daga zaɓen 2023 ƙuri'a ke raba lambobi shida na farko tsakanin ƙungiyoyin da ba su kai wasannin ƙarshe ba, don a rage faɗuwar ganganci da wasu ke yi domin su samu lambar farko. Pittsburgh Pirates ta ci ƙuri'ar farko ta ɗauki Paul Skenes na Jami'ar Jihar Louisiana, abokin wasansa Dylan Crews ya biyo shi a lamba ta biyu. Skenes ya shiga babbar gasa cikin ƙasa da shekara guda, ya zama gwarzon sababbin shiga na ɓangarensa a 2024. A 2025 Nationals ta koma ga sakandare, ta buɗe zaɓen da Eli Willits na Oklahoma, ɗan shekara 17.