Waiwaye: Yadda aka gina biranenmu ba tare da tunanin naƙasassu ba

Tun daga watan Janairun 2024, lokacin da wa'adin shekara 5 da doka ta bai wa masu gine-ginen jama'a don su gyara su ya cika, ake ta kai ruwa rana a kan hakkin masu buƙata ta musamman a Nijeriya. Ƙungiyoyin naƙasassu suna cewa har yanzu gurgu ba ya iya shiga mafi yawan ofisoshi da asibitoci da bankuna sai an cicciɓe shi, masu gine-gine kuma suna kukan cewa gyaran yana da tsada, kamar dai jiya aka wayi gari da maganar. Wanda ya waiwaya baya zai ga cewa matakalar da ake jayayya a kanta yau ta kusa shekara 50 a inda take, kuma tunanin da ya gina ta ya girme ta.

Abin da aka fi sani na tarihin bai da tsawo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 a matsayin shekarar naƙasassu, ta amince da yarjejeniyar kare hakkinsu a Disambar 2006, Nijeriya ta sa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010. Bayan ƙudirin ya daɗe yana kai da kawo, an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna bambanci, naira miliyan 1 ga kamfani, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Kafin duk wannan, naƙasassu a ƙasar Hausa suna zaune ne a cikin gari, da sarautunsu: Sarkin Makafi, Sarkin Guragu, Sarkin Kutare, kowanne yana sasanta jama'arsa yana kuma kai kukansu fada. Kurame suna da maganar hannu tasu tun kafin zuwan makarantun zamani. Ba rayuwar jin daɗi ba ce, domin bara ita ce hanyar abincin da yawansu, amma garin ƙasa ne, bene na sarakuna da attajirai ne kaɗai, kuma mai jan gindi ko makaho da ɗan jagoransa yana iya isa kasuwa da masallaci da zauren alƙali, in ban da dokin ƙofa da zai tsallake. A shekarun 1930 ne aka kafa manyan sansanonin kutare a wajen gari, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. An yi hakan da hujjar lafiya a zamanin da cutar ba ta da ingantaccen magani, kuma wuraren sun taimaki mutane masu yawa. Sai dai sun bar wani gado a zukata: cewa kyautata wa naƙasasshe shi ne a gina masa wurinsa daban, nesa da inda sauran mutane suke harkokinsu.

A ganina, mahaɗar da aka fi mantawa da ita a wannan tarihi ita ce shekarun 1970, domin a cikinsu ne abubuwa biyu suka gamu. Na farko, ƙasar ta fito daga yaƙin basasa a 1970 da ɗimbin mutanen da suka rasa ƙafa ko hannu ko ido, matasa masu sauran shekaru a gaba. Na biyu, kuɗin man fetur ya shigo da yawan da ba a taɓa gani ba, aka shiga gini ba ji ba gani. Jihohi sun tashi daga 12 zuwa 19 a 1976, kowace sabuwar jiha tana buƙatar sakatariya da babban asibiti da kotuna. An sanar da sababbin jami'o'i 7 a 1975. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa ya fara a 1976, aka cika birane da ƙauyuka da sababbin ajujuwa, a wannan shekarar kuma aka yanke shawarar gina Abuja. Kafin nan ba a taɓa zuba siminti a ƙasar nan cikin ɗan lokaci kamar wannan ba, kuma da yawa daga cikin gine-ginen da jama'a suke shiga neman takarda ko magani ko shari'a har yau na wancan lokacin ne ko kuma kwaikwayonsa.

Salon ginin kuwa ɗaya ne kusan ko'ina. A ɗaga harsashi sama saboda ruwan damina, a jera matakala uku ko huɗu a bakin ƙofa, a yi bene mai hawa biyu ko uku babu na'urar hawa, a ƙuntata ƙofar banɗaki, a haƙa lambatu a buɗe tsakanin titi da gini a ɗora masa ɗan siririn kankare. Dogon matakala ma ya zama alamar ƙasaita, domin gini mai daraja shi ne wanda ake hawa kafin a shiga. Ilimin yin akasin haka yana nan a lokacin: Amurka ta yi dokar shiga gine-ginen gwamnati a 1968, Birtaniya ta yi tata a 1970, kuma daga can ne yawancin littattafan koyon zanen gini suke zuwa mana.

Ba za a ce an manta da naƙasassu a wannan zamanin ba. An tuna da su, amma ta tsohuwar hanya. Tsofaffin mayaƙan da suka naƙasa a gabas an tsugunar da su a Oji River, garin da aka sani da asibitin kutare tun zamanin mulkin mallaka. An buɗe cibiyoyin koyar da sana'a da gidajen gajiyayyu a gefen birane. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware babi guda ga ilimi na musamman, a shekarar aka kafa kwalejin horar da malamansa a Oyo, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suka biyo sahun ta makafi da ke Gindiri wadda take tun 1953. Waɗannan makarantu sun yaye malamai da lauyoyi da 'yan jarida, kuma babu mai adalcin da zai raina aikinsu. Amma tun da an ɗauka cewa naƙasasshe yana da nasa wurin, mai zana sakatariya ko aji ko tashar mota bai ga dalilin sa ran zuwansa ba. Ɗalibin da aka horar da kyau a makarantarsa ta daban sai ya fito da takardar shaida ya tarar da garin da ba a gina don shi ba.

Cutar shan inna ta ƙara wa lamarin nauyi a arewa. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, bayan an ga yaro na ƙarshe da ta kama a Borno a 2016, amma yaran da ta kama a shekarun 1980 da 1990 da farkon 2000 yanzu magidanta ne da matan aure. A Kano har sun kafa ƙungiyar da take ƙera kekunan guragu da hannunta. Keken yana kai mutum bakin lambatu ne ya tsaya. Idan ana muhawarar hana bara a tituna, ba kasafai ake haɗa ta da wannan ba, alhali yaron da bai iya hawa dakalin aji ba a 1990 shi ne ake tambaya yau dalilin da ya sa bai da sana'a. Dokar 2019 ta haramta amfani da naƙasasshe wajen bara, wannan daidai ne, sai dai haramcin ba ya sauke matakala ko ɗaya.

Kukan tsadar gyara ma daga nan ya samo asali. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce duk tsayin mita 1 yana buƙatar gangara mai tsawon mita 12. Ginin da aka ɗaga rabin mita yana neman mita 6 a gabansa, filin da sau da yawa titi ko shago ya riga ya cinye, shi ya sa ake ganin gangarar da aka liƙa daga baya ta yi tsaye har mai keke ba zai hau ta shi kaɗai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka yi tanadin, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba.

Saboda haka sashen dokar da ya fi muhimmanci a wurina shi ne wanda ba a cika ambata ba, wato wanda ya ce kada a amince da zanen ginin jama'a sai an duba cewa naƙasasshe zai iya shiga, tare da tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ga wanda ya amince da zanen da ya saɓa. Yanzu haka ana cikin wani sabon zamanin gini a Kano da Kaduna da Maiduguri da Abuja, gadojin sama da manyan kasuwanni da sababbin jami'o'i, kuma a yawancin gadojin tsallaka titi da ake hawa a ƙafa, matakala ce kawai daga ƙasa har sama.